Ciwon ƙirji: kurakuran da ke cinye wa mai ciwon zuciya lokaci

A aikina na jinya a nan Tawa, ba maganar da ke tayar mini da hankali kamar "olsa ce". Za ka ga an shigo da dattijo, ya dunƙule hannu ya dafe tsakiyar ƙirji, zufa ta jiƙe masa riga duk da sanyin asuba, ɗansa yana cewa: "Majo, olsar Baba ce ta tashi." Ashe tun bayan isha'i ake ɗura masa kanwa da madara.

Idan jijiyar da ke kai jini ɓangaren ƙasa na zuciya ta toshe, sau da yawa a saman ciki ake jin ciwon, ga tashin zuciya, ga amai. Ko maganin olsa ya ɗan lafar da shi, wannan bai wanke zuciya ba. Nauyi a ƙirji kamar an aza buhun hatsi, ya wuce minti 20, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi: a nufi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ya fi aiki a awannin farko. Bayan awa 12 amfaninsa kaɗan ne. Kafin a isa, in marar lafiya ba ya da zubar jini a ciki kuma aspirin ba ta ɓata masa jiki, ya tauna miligiram 300. Diklofenak ɗin mai tebur kuwa, maganin ciwon jiki, ƙara ɓarna yake yi.

Masu ciwon suga, tsofaffi da mata na iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji ba sam, sai haki da kasala kawai. A nan ne ake cewa zazzaɓin sauro ne.

Mu ma'aikata ma muna da namu kurakuran. Ya kamata a ɗauki ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, cikin minti 10 da isowar marar lafiya, tun kafin maganar takardu. Na farko yana iya fitowa lafiya lau alhali jijiya tana toshewa, don haka a maimaita bayan minti 15 zuwa 30 muddin ciwon bai lafa ba. Haka ma awon troponin, sinadarin da zuciya ke saki idan ta ji rauni: sai an yi awanni yake hawa a jini. Wanda ya zo da wuri, a zaunar da shi a sake ɗibar jininsa, kada a sallame shi da awo ɗaya.