Yadda ɗan sa-kai zai kafa ajin karatu a ƙasar waje, ya tafi ya bar shi da rai

Kowace shekara dubban mutane kan bar ƙasashensu su tafi aikin sa-kai a wata ƙasa. Wasu ta hannun UNV, shirin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1970, mai hedkwata a Bonn ta Jamus. Wasu ta VSO, ƙungiyar sa-kai ta Birtaniya, wadda ta soma tun 1958. Amurkawa kuwa ta Peace Corps, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961. Koyarwa ce ke kai da yawansu. Abin da yakan faru kuma sananne ne: a buɗe aji, ya cika maƙil, wa'adin malami ya ƙare ya hau jirgi, bayan wata biyu sai ka tarar ƙura ta rufe allon. Ga yadda za ka kauce wa haka.

Tun kafin ka tashi, ka gyara takardunka. A ƙasashe da dama bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, ko da na kyauta ne. Ka sa ƙungiyar da ta tura ka ta rubuta maka irin bizar da ta dace.

Mataki na farko bayan ka sauka shi ne ka zama ɗalibi. Peace Corps kan ba mutanenta horo na kusan wata 3 kafin su fara aikin shekara 2, harshe na cikin abin da aka fi matsa musu a kai, kuma galibi a gidan 'yan ƙasar suke zama lokacin. Kai ma ka yi wa kanka haka. Ka sa ƙaramin littafi a aljihu, kullum ka rubuta kalma biyar da ka ji a kan hanya ko a bakin maƙwabta, da yamma ka karanta wa yaron gidan da kake zaune. Zai yi maka dariya har da riƙe ciki. Ƙyale shi ya dara, gobe da kansa zai kawo maka sababbin kalmomi, iyayensa kuma su fara kiran ka da sunanka maimakon "baƙon nan".

A nan akwai tarko. In an sauke ku gida ɗaya da 'yan sa-kai irinka, hira da su ta fi sauƙi, sai a wayi gari shekara ta wuce ba ka san sunan mai gadin layinku ba. Ku liƙa jadawalin shara da wanke-wanke a bango, domin a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ake yawan saɓawa, amma ka ware wa kanka aƙalla yamma biyu a mako da za ka yi a wajen gidan.

Mataki na biyu shi ne samun abokin aiki, tunda da ɗan gari akan ci gari. Kada ka yi saurin riƙe wanda ya fara liƙe maka, ko wanda ya fi kowa jin harshenka. Ka nemi wanda ka tarar yana koyar da wani abu tun kafin zuwanka, ba tare da an biya shi ba: malamar da ke tsayawa bayan an tashi makaranta, ko matashin da ake kai wa takarda ya karanta. Shi ne mai ajin, kai ɗan taya shi ne.

Na uku, ku zaga tare ku tambayi mutane me suke so su iya, kuma ku saurara da kyau. Wata za ta ce so take ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ɗanta: cokali nawa, sau nawa a rana. Wani ya gaji da miƙa wa mutane wayarsa su karanta masa saƙo, asirinsa duk a waje. Daga bakinsu za ka tsamo darasin farko. Haka masanin ilimi Paulo Freire ya yi a garin Angicos na Brazil a 1963, inda ma'aikata kusan 300 suka koyi karatu da rubutu cikin kwana 45, da kalmomin da aka ɗebo daga rayuwarsu. Ku tambaya har da lokaci. Ajin da aka sa a sa'ar da mutane ke neman abin kansu, masu zaman banza kaɗai zai tara.

Na huɗu, ka fara da kaɗan, mutum goma zuwa sha biyar, da kayan da ake samu a garin. Ni dai ban yarda da shigo da na'urar da in ta lalace babu mai gyara ta a kusa ba. Kada kuma ka riƙa ba da kuɗi don a halarci aji. Ranar da kuɗin ya tsaya, ƙafa ma ta ɗauke. In da yara a ajin, kada ka taɓa keɓewa da yaro kai kaɗai, kuma ba a ɗaukar hotonsu a saka a Facebook sai da yardar iyayensu.

Na ƙarshe, miƙa ragama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Da wa'adinka ya kai rabi, abokin aikinka ya riƙa jan darasi ɗaya cikin biyu. A watannin ƙarshe ka koma bencin baya, ko ya yi kuskure ka bari sai an tashi ku tattauna ku biyu. Ku rubuta tsarin darussa cikin harshen garin a littafi mai bango mai ƙarfi, da rajistar sunaye, da sunan wanda ke riƙe makulli. Saura wata guda ka tafi, ka ƙi zuwa aji mako ɗaya cur, sannan ka dawo ka buɗe rajistar ka ƙirga waɗanda suka zo ba ka nan.