Darasi na 6: Bargon Ƙasan Gadon Lilo

Iyayena da 'yan uwa, ku buɗe wannan shafi, mu bi shi sannu.

Duk wanda ya kwana a gadon lilo, wato na yadi da ake ratayewa da igiya ta kai da ƙafa, da hunturu a Ghana, a kan dutsen Kwahu ko a gefen mota a hanyar Bolga, ya san bayansa ne ke fara sanyi. Nauyin jiki yana danne bargon da aka shimfiɗa a ciki, iska kuma tana wucewa ta ƙasa. Bargon da aka danne ba ya riƙe ɗumi. Don haka namu a waje za mu rataye shi, ta ƙarƙashin gadon.

Ku je wajen masu gwanjo a kasuwar Kejetia ta Kumasi ku nemi bargo mai laushi da aka cusa wa zaren roba. Ku bar na auduga, yana shan raɓa ya yi nauyi. Ku sayi igiyar roba mai miƙewa yadi 11, da zaren nailan, da fil mai kulle.

Ma'aunin tela fuska biyu gare shi. Ku duba fuskar manyan lambobi, ita ce inci. Tsawo inci 60, faɗi inci 44. Ku ja layi da alli. Kafin almakashi ya taɓa bargon, ku ɗinka layin tukuna, sannan ku yanka ta wajen ɗinkin, in ba haka ba cikinsa zai zube.

Ku kalmashe gefe huɗun duka, inci 1, kamar gidan zariyar wando. Ku bar bakin kowane gida a buɗe. Dogayen gefe biyu, roba yadi 4 kowanne. Gajerun, yadi 1 da rabi. Fil zai ja muku ita. Ku ɗaure bakunan dogayen biyu-biyu, ku maƙala inda igiyar gadon ta fara.

Yanzu ga inda kowa ke tuntuɓe. Ba a gwada bargon nan gado babu kowa. Mutum ɗaya ya kwanta, na biyu ya zura hannu tsakanin gado da bargo. Hannu ya shiga yana yawo? Akwai rata, iska za ta bi nan. Ku rage tsawon robar. Bargon ya baje ya yi tauri kamar tabarma? Kun matse da yawa, ku sassauta. So ake ya taɓa bayan mutum, amma ya tsaya da kumburinsa.

Ku sake gwadawa. Mutum ya kwanta, a zura hannu. A kafaɗa, a ƙugu, a ƙarƙashin gwiwa. Wanda bai samu a karon farko ba, babu komai, yawanci sai an gyara sau 3 ko 4. Sai ku ja gajerun robobin kaɗan, bakin kai da na ƙafa su rufe, ku sake zura hannu.

Haba jama'a, kullum sai an sami mai ɗaurewa gado babu kowa, ya ce ai ya yi. Bai yi ba! Idan ka kwanta gadon zai sauka, komai ya canja. Nemi ɗan uwanka ya kwanta, kai ka zura hannu.

Darasi na 7: Wanki

Ruwan sanyi, sabulu kaɗan. Kada a murɗe. A shanya a inuwa har ya bushe sarai.

Darasi na 8: Ajiya

A buhu mai faɗi, kada a danne shi.