Yadda Ake Zaɓar Littafin Da Zai Dasa Tausayi A Zuciyar Yaro Da Babba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jerin littattafai da niyyar zaɓo wanda zai sa yaro ya zama mai tausayi, ya san cewa masu iƙirarin yin wannan aiki suna da yawa, amma masu cika alkawari kaɗan ne. Yawancinsu wa'azi ne kawai da aka yi wa lulluɓi da labari. Za a tarar da yaro nagari wanda bai taɓa kuskure ba, da mugu wanda bai taɓa aikata abin kirki ba, a shafin ƙarshe kuma marubucin ya fito fili ya faɗi darasin da yake so a ɗauka. Irin wannan littafi yaro zai saurara don ladabi, babba kuwa zai ajiye shi tun bai kai tsakiya ba. Saboda haka abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya yi shi ne ya buɗe shafin ƙarshe ya duba. Idan ya tarar an rattaba darasin ƙarara, to alama ce cewa marubucin da kansa bai amince labarin zai isar da saƙon ba sai an taimaka masa.

Abin da ake nema shi ne littafin da zai zaunar da mai karatu a cikin halin wani, ya ga duniya daga inda wancan yake tsaye. Misali mafi sauƙi shi ne Black Beauty, wanda Anna Sewell ta wallafa a Ingila a 1877, watanni kaɗan kafin rasuwarta. Ta ji rauni a ƙafafu tun tana yarinya, don haka ta shafe rayuwarta tana dogaro da keken doki, ta kuma ga yadda ake azabtar da dabbobin da ke jan sa. Ba ta rubuta huɗuba a kan haƙƙin dabba ba, sai ta bar dokin ya ba da labarinsa da bakinsa. Mai karatu yana jin yadda wuya ke sagewa idan aka ɗaure kan doki da igiya don ya tsaya a ɗage saboda ado, alhali yana jan kaya a kan tudu kuma ba shi da damar sunkuyawa ya sa ƙarfi. Asali ma manya masu aiki da dawaki ta yi wa littafin, daga baya yara suka gaje shi. Wannan ya nuna cewa littafin da ya yi aikinsa da kyau ba ya tsayawa a kan shekaru guda.

Ma'auni na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a duba ko kirki yana da tsada a cikin labarin. Idan jarumin yana da komai kuma ya ba da ɗan abin da bai dame shi ba, mai karatu bai koyi komai ba, domin a rayuwa wahalar kirki ba ta rashin sanin abin da ya dace ba ce, ta tsoron abin da za a rasa ce. Littafin The Hundred Dresses na Eleanor Estes, wanda ya fito a Amurka a 1944, ya kama wannan batu da kyau ƙwarai. Wata yarinya mai suna Wanda, 'yar baƙi 'yan asalin Poland, kullum tana zuwa makaranta da riga guda wadda ta koɗe, sai wata rana ta ce tana da riguna ɗari a gida. Daga nan 'yan ajin suka mayar da ita abin tsokana. Hikimar marubuciyar ita ce ba ta bi labarin ta idon wadda ake tsokana ba, ba kuma ta idon shugabar masu tsokanar ba. Ta bi shi ta idon Maddie, wadda ita ma talaka ce mai sanye da kwancen ƙawarta, wadda abin yake damu amma take yin shiru don tsoron kada a juyo kanta. Kafin ta yi ƙarfin halin magana, iyalin Wanda sun bar garin, sannan aka gano cewa rigunan ɗari zane ne da yarinyar ta yi a takarda. Maddie ba ta sami damar ba da haƙuri ido da ido ba, kuma littafin bai ƙirƙiro mata wannan damar don ya faranta wa kowa rai ba. Yawancinmu ba azzalumai ba ne, masu shiru ne a gefe, shi ya sa labarin ke sosa ran ɗan shekara takwas da ɗan shekara hamsin a wuri guda.

Daga nan sai maganar sakayya. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma tatsuniyoyin duniya cike suke da wannan, kamar labarin zakin da ya ƙyale ɓera, daga baya ɓeran ya gwigwiye igiyar tarko ya cece shi. Ba laifi a fara wa ƙaramin yaro da irin wannan, amma kada ya zama shi kaɗai ne abin da yake ji, domin yana iya fahimtar kirki a matsayin bashi da ake bayarwa a jira biya. Abin da ya fi wannan buƙatar kiyayewa shi ne labarin da ke koyarwa ta hanyar tsoratarwa. A 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji da suka yi da yara 'yan shekara 3 zuwa 7. An hana kowane yaro leƙa wani abin wasa, aka fita aka bar shi shi kaɗai, da aka dawo sai aka karanta masa labari, sannan aka tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da ke nuna mugun ƙarshen maƙaryaci, kamar na yaron da ya yi ta ihun ƙarya cewa kerkeci ya zo, ba su ƙara yawan masu faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin da yaro ya amsa laifinsa mahaifinsa ya yaba masa. Gwajin a kan gaskiya aka yi shi, amma darasinsa ya shafi mai neman littafin kirki: a fifita labarin da ke nuna kyawun halin a kan wanda ke nuna azabar rashinsa.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, akwai wata tambaya da iyaye ba su cika yi ba, wato ko jaruman labarin mutane ne ko dabbobi masu magana. Wani binciken daga jami'ar guda, wanda Nicole Larsen da Kang Lee da Patricia Ganea suka wallafa a 2017, ya ba yara 'yan shekara 4 zuwa 6 sitika, ya ba su damar ware wasu don wani yaron da ba su sani ba. Waɗanda aka karanta wa labarin rabo mai ɗauke da hotunan mutane sun ƙara yawan abin da suke bayarwa, waɗanda aka karanta wa labarin guda da hotunan dabbobi kuwa ba su ƙara ba. Wannan ba hujja ba ce ta watsar da labaran dabbobi, kuma ni ba zan yarda a raba yaro da su ba. A Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8 daga harshen Farisa na da, asalinsa kuma daga Indiya, akwai kurciyar da raga ta kama tare da 'yan'uwanta. Da suka tashi da ragar suka sauka a bakin ramin amininta ɓera, sai ta ce ya fara yanke igiyoyin sauran kafin nata, domin idan ya gaji bayan ya 'yantar da ita yana iya barin su, amma idan ita ce ta rage ba zai bar ta ba komai gajiyarsa. Da wuya a sami bayanin shugabanci mai tausayi da ya fi wannan taƙaituwa. Abin da binciken ke nunawa kawai shi ne ƙaramin yaro yana buƙatar a gina masa gada, a tambaye shi wace ce kurciya a cikin abokan wasansa, kuma a riƙa cuɗanya labaran dabbobi da na mutane.

Da yaro ya kai shekara tara zuwa goma sha biyu, sai a nemo littafin da ke ba da labari guda ta bakin mutane daban-daban. Wonder na R. J. Palacio, na 2012, ya fara da muryar yaron da aka haifa da wata lalura da ta sauya masa kamannin fuska, wanda ya shiga makaranta karo na farko yana ɗan shekara goma, daga baya labarin ya koma bakin yayarsa da abokansa. Sashen yayar ne ya fi daraja a wurina, domin a nan mai karatu ke gano cewa wadda yake ɗauka lafiya lau take tana ɗauke da nata nauyin a ɓoye. A wannan matakin kuma ya dace a tuna da kwatancen da malamar Amurka Rudine Sims Bishop ta yi a 1990, cewa littafi yana iya zama madubi da mai karatu ke ganin kansa, ko taga da yake hango wasu. Yaron da duk littattafansa madubi ne zai ɗauka kowa irinsa ne, wanda duk nasa taga ce kuma zai ɗauka irinsa ba su cancanci labari ba.

Akwai nau'i biyu da zan ce a yi hattara da su. Na farko shi ne wanda ake kawo talaka ko mai nakasa ko baƙo ba don komai ba sai don jarumin ya sami wanda zai taimaka, ba shi da buri, ba ya fushi, ba ya ba da dariya, godiya kawai yake yi. Wannan raini yake koyarwa da sunan tausayi. Na biyu shi ne wanda ya rikita kirki da sadaukar da kai gaba ɗaya don wani. The Giving Tree na Shel Silverstein, na 1964, ya daɗe yana raba kan masu karatu a kan haka, domin bishiyar ta ba yaron 'ya'yanta da rassanta da gangar jikinta har ta koma kututture, shi kuwa bai daina karɓa ba. Ana iya karanta shi, amma da sharaɗin a tsaya a tambayi yaro ko abin da yaron cikin labarin ya yi daidai ne.

Zaɓen littafi rabin aikin ne, sauran yana ga yadda aka karanta shi. A karanta da murya, a kuma tsaya a daidai wurin da wani ya shiga tsaka mai wuya, kafin a juya shafi. Tambayar da za a yi ita ce me wannan yake ji yanzu, kuma ta yaya aka gane. Ban da tambayar wane darasi aka koya, domin yaro mai wayo zai ba da amsar da ya san ana so ya wuce wurin. Na taɓa karanta wa wata yarinya 'yar shekara shida littafi mai hotuna, na tambaye ta halin da jarumin yake ciki, sai ta ɗora yatsa a kusurwar shafin, kan wani ƙaramin yaro da aka zana yana tsaye bayan ƙofa, wanda rubutun bai ko ambace shi ba. Ta ce shi ba wanda ya kira shi wasan. Na karanta littafin nan sau da yawa ban lura da shi ba, kuma da na yi saurin gyara mata amsa da na kashe ainihin abin da nake ƙoƙarin rayawa. Idan yaro ya goyi bayan wanda ya yi laifi, a saurari dalilinsa tukuna. Idan ya ce a sake karanta littafin karo na goma, a sake.

Kada kuma a ɗora wa littafi guda abin da ya fi ƙarfinsa. A 2013 mujallar Science ta buga binciken David Kidd da Emanuele Castano da ke cewa karanta ɗan guntun adabi mai zurfi yana ƙara wa mutum iya gane abin da ke ran wasu, amma wasu masanan da suka maimaita gwajin a 2016 ba su sami irin wannan sakamakon ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne cewa tasirin a hankali yake taruwa cikin shekaru, ba a zama ɗaya ba, kuma yaron da ya ga mai karanta masa yana daka wa mutane tsawa zai fi gaskata idonsa da kunnensa.

Matasa da manya sun fi buƙatar littafin da ba ya sauƙaƙa al'amari. A Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862, Jean Valjean ya fito daga kurkuku bayan shekara 19, ya kwana a gidan wani babban limamin coci, ya sace masa kayan azurfa cikin dare. Da 'yan sanda suka dawo da shi, sai mai gidan ya ce kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da mazaunan kyandir biyu na azurfa. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin, amma abin da ya biyo baya ya fi faɗin gaskiya a kan halin ɗan'adam. Bayan wannan alheri, Valjean ya taka kuɗin wani ƙaramin yaro a kan hanya ya hana shi, sai da yaron ya tafi yana kuka sannan ya farga, ya bi hanya yana kiran sunansa bai same shi ba. Littafin yana da tsawo sosai, kuma ba laifi a fara da taƙaitaccen bugu, ko a saurare shi a naɗe idan ido ya yi rauni, ko mutum biyu su riƙa karanta babi guda a mako suna tattaunawa. Sai dai kafin a karɓi taƙaitaccen bugun, a buɗe farkonsa a tabbatar ba a yanke wannan wurin na yaron da kuɗinsa ba.