Babi na 6: Dutsen wasa wuƙa na daimon, da yadda zai daɗe a hannunku

Darasi na 1: Abin da ke hannunku

Sunansa dutse, amma fallen ƙarfe ne. An barbaɗa masa garin daimon a fuska, aka kafe garin da wani siririn ƙarfe mai suna nikel. Ku shafa da yatsa. Kaushin nan da kuka ji, shi ne daimon ɗin, kuma shimfiɗa ɗaya ce tak. Dutsen gargajiya in ya cinye, da saura a ƙarƙashi. Wannan kuwa in garin ya kakkaɓe, sai ƙarfe tsura.

Ku duba lambar da aka rubuta a jikinsa ko a kwalinsa. 400 ta wuƙar da ta dakushe ce sosai, 600 ta washin yau da kullum, 1200 ta gyara baki a ƙarshe. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A nan ake yawan rikicewa, don haka ku maimaita: ƙaramar lamba, kaushi mai yawa.

Mai kyau, irin DMT na Amurka ko Atoma na Japan, yakan yi shekaru yana aiki a gida. Na araha kan gaji da wuri. Na mahauci mai washi kullum ba zai kai na uwargida daɗewa ba. Amma abin da ya fi kashe shi, hannu ne.

Darasi na 2: Kada ku danna

Ku ɗora dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Ku yayyafa masa ruwa. Ku tsayar da wuƙa tsaye cak a kansa, ku kwantar da ita rabi, ku sake kwantar da ita rabin wannan. To, kun kusa daidai, wajen digiri 20.

Yanzu ku tura a hankali. Kada ku danna. Yatsu biyu a bayan wuƙar sun isa, kamar mai shafa man shanu. Babu ƙarfen wuƙar da ya kai daimon tauri, shi zai yi yankan. Dannawa ba ta ƙara kaifi, tumɓuke garin take yi daga cikin nikel, kuma wanda ya fita ya fita ke nan.

Ku tura sau 10, ku juya, sau 10. Ku tsaya ku duba farcenku. Ya yi fari? Kun danna. Ku sassauta, ku sake. Ba komai, hannun da ya saba da dutsen gargajiya sai a hankali yake saki.

Ku bi dutsen daga wannan kai zuwa wancan, ba tsakiya kaɗai ba. Da kun zo tsinin wuƙa, ku ƙara sassautawa, nan ne yake karce fuskar dutsen. Wuƙar ƙarfe mai laushi ma ta fi tumɓuke garin daimon, ita ma hannu sakwa-sakwa.

Wasunku sun ji wannan sau uku, amma har yanzu da kafaɗa suke wasa wuƙa. Haba jama'a! Ba niƙa ake yi ba. Kada ku danna.

Darasi na 3: Ya mutu ne, ko datti ne?

Sabon dutse yana ci da zafi. Bayan wasu wuƙaƙe sai ya yi laushi. Wannan ba lalacewa ba ce, haka yake zama. In ya yi baƙi yana santsi, garin ƙarfe ne ya toshe shi. Ku wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ko ku goge da robar goge fensir. Sannan ku goga gindin kwalba a kansa. In ya karce kwalbar, da sauran daimon.

Darasi na 4: Ajiya

Ku shanya shi sosai kafin ku ajiye, don gudun tsatsa. Kada ku jefa shi cikin cokula.

Aikin gida: ku wasa wuƙa ɗaya, ku gwada ta a kan tumatir, ku zo da ita da dutsen mako mai zuwa.