Babi na Shida: Ina Wasiƙata Ta Shiga?

Darasi na 1: Folda cikin folda

Duk abin da kuka ajiye a kwamfuta, wasiƙa ko hoto ko waƙa, sunansa fayil. Folda kuma ma'ajiyarsa ce. Kamar adakar amarya take: a buɗe a ga kwalla, a buɗe kwallar a ga ƙaramin kwano.

A Windows, babbar ma'ajiya ita ce C:. Cikinta akwai Users, cikin Users akwai folda mai sunan mai kwamfutar. A nan Documents take, ta takardu, da Pictures ta hotuna, da Downloads ta abin da aka sauko da shi daga intanet. Ku danne maɓalli mai tambarin Windows, ku taɓa harafin E, za ku gan su a jere ta hagu. Ba sai kun ji Turanci ba, siffar kalmar za ku riƙe.

Darasi na 2: Adanawa

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi.

Ku buɗe Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ku rubuta sunanku. Ku danne maɓallin Ctrl, ku taɓa S. Akwati zai fito. Kada ku danna Save tukuna! Ku ɗaga ido saman akwatin ku karanta sunan foldar da ke can. Nan fayil ɗin zai shiga. In ba Documents ba ce, ku danna Documents ta hagu, ku sake duba sama. Ta canza? Madalla, kun iya. Yanzu ku rubuta sunan fayil ɗin, misali wasiƙar haya. Ku ƙara duba sama. Sannan Save.

Ku maimaita sau biyar da sabon fayil, kowane karo ido sama kafin yatsa ya motsa. Wanda ya manta ya sake, ba abin kunya ba ne.

Amma haba jama'a! Kullum sai wani ya ce kwamfuta ta cinye masa takarda. Ba ta ci komai ba, garaje kuka yi. Tana can inda kuka jefa ta ba ku duba ba. Saurin me ake yi?

Darasi na 3: Sabuwar folda

Cikin Documents, ku danne Ctrl da Shift, ku taɓa N. Ku ba ta suna, ku taɓa Enter. Sunan folda ba ya karɓar alamar tambaya.

Darasi na 4: Foldar Windows da Program Files

Na kwamfutar ne. Kada ku goge komai a ciki.