Yadda za a noma waken suya don abincin kaji ba tare da an kashe ƙasa ba

Kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyan da ake nomawa a duniya cikin dabbobi yake shiga, musamman kaji. A Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa nomansa, wannan buƙata ta cinye dazuzzuka, har a 2006 manyan 'yan kasuwa suka yi yarjejeniyar daina sayen waken da aka noma a sabon saran dajin Amazon, amma saran ya ci gaba a dajin Serado. Gidajen kaji suna ta ƙaruwa a kewayen Zariya, saboda haka gara mu gyara tun yanzu.

Kada ka sare sabon daji saboda shi. Kai shi gonar da ta yi masara ko dawa bara, musamman wadda wuta-wuta ta addaba. Saiwar wasu irin waken suya tana ruɗar ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Ɗorawa da kaɗanyar da ke gonar a bar su, sassabe rassa ya isa.

Nemi iri mai kyau, kamar TGx 1448-2E ko TGx 1951-3F, malaman gona na Samaru sun san su. Shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna: kilo 50 zuwa 70 a hekta, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 5 tsakanin ƙwaya da ƙwaya. In gonar gangare ce, a yi huɗa a gicciye, in ba haka ba ruwan Agusta zai wanke ƙasar da takin zuwa kogin Galma ko Kubanni.

Wurin taki ne aka fi yin ɓarna. Waken suya ba ya son a cika masa yuriya, domin shi ke ɗebo naitirojin daga iska. Supa yake so, buhu 3 zuwa 4 a hekta, a binne lokacin shuka. A cuɗa irin da garin ƙwayoyin halitta irin su NoduMax, masu yin ƙulle-ƙulle a saiwa su taimaka masa ɗebo naitirojin, a inuwa, a shuka a ranar, don zafin rana yana kashe su. Idan ya fara fure, tuge guda ɗaya ka duba ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ka tsaga ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne, babu abin da yake yi wa gonar.

Mutane da yawa suna ganin duk wanda ya noma waken suya ya ƙara wa gonarsa taki. Ba kullum ba. Yawancin naitirojin ɗin yana cikin ƙwayar da za a kai kasuwa. Idan aka tuge shi da saiwa, aka casa a gida, aka ƙone ƙaiƙayin, abin da ya rage wa gonar kaɗan ne ƙwarai. A yanke da lauje idan kusan kashi 85 cikin 100 na kwanson ya bushe, kafin ya fara fashewa. Saiwar ta zauna a ƙasa, karan da ƙaiƙayin su koma gona, ko a ba tumaki a mayar da takinsu. Kashin kajin ma gonar ya kamata ya koma, a tara shi ya ruɓe tukuna, kada a jibge shi bakin rafi.

Ragowar maganin feshi da wankin tankin kada su shiga rafi, kuma robar ba ta ajiye ruwan sha ba ce.

Ɗanyen wake yana hana kaji narkar da abinci, su ci ba su girma, an yi asarar gona a banza. A soya shi a matsakaiciyar wuta ana juyawa, har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, warin ɗanye ya fita. In ya ƙone, amfaninsa ya ragu. Totuwar masara busasshiya tana yin wannan suyar, ba sai an sare itace ba.