Kurakuran da aka fi yi da filashi a kan Xfce da LXQt

Mai tsohuwar kwamfuta yakan girka Xfce ko LXQt, wato fuskokin tebur na Linux marasa nauyi, saboda ba sa cin RAM sosai. Sai dai rashin nauyin nasu daga rage kaya ya samo asali, kuma wani lokaci cikin abin da aka rage har da manhajojin da ke kula da filashi. Shi ya sa mutum zai soka filashi, shiru, sai ya yanke cewa ya lalace.

Kafin ka yanke haka, buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsblk. Idan ka ga sdb1 ko makamancinsa, kwamfutar ta gane filashin, galibi manhajar da ke haɗa shi don ya buɗe ce babu. A Xfce, Thunar, manhajar duba fayiloli, yana buƙatar a girka gvfs da udisks2, sannan thunar-volman ne ke buɗe shi da kansa da zarar an soka, in ka kunna hakan a Removable Drives and Media. A LXQt, zaɓin yana cikin saitin PCManFM-Qt, manhajar duba fayilolinsa, ƙarƙashin Volume. Mai amfani da Openbox ko i3 zalla, wato manhajojin jera tagogi ba tare da cikakken tebur ba, ya girka udiskie, ya huta.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne garzayawa ga sudo mount. Zai buɗe, amma komai na ciki ya zama na root, wato babban asusun kwamfutar, ka kasa ajiye ko da fayil ɗaya. Umarnin udisksctl mount -b /dev/sdb1 yana yin aikin da sunanka, ya ajiye filashin a /media ko /run/media, gwargwadon nau'in Linux ɗinka.

Wanda ya fi damuna shi ne zare filashi da zarar layin kwafi ya cika. Linux yakan tara abin da kake kwafa a RAM, yana zuba shi cikin filashin a hankali, kamar mai ɗura mai ta mazurari. Allon ya ce an gama, alhali rabin bidiyon bai shiga ba. A filashi mai araha jiran yakan kai mintuna. Ka zare a lokacin, ka je shagon buga takardu, fayil ya ƙi buɗewa, ka ɗora wa kwamfutarsu laifi. Danna alamar fitarwa da ke gefen sunan filashin, ka jira sanarwar cewa za ka iya cirewa. A tamina, umarnin sync ba ya dawo maka da wurin rubutu sai ya gama zubawa. In aka ce filashin yana kan aiki, galibi wata tamina ce ke zaune cikin foldarsa, kuma fuser -m zai nuna maka mai riƙe da shi.

Akwai kuma batun tsarin filashin. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, ko da akwai wuri. Mai yawo tsakanin Windows da Linux ya koma exFAT, wanda ya shiga kernel, wato ginshiƙin Linux, tun sigar 5.4 a 2019, ya girka exfatprogs don yin fomat.

Kada ka rubuta filashi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abin da za a haɗa wajen tashin kwamfuta, da sunan /dev/sdb1, domin sunan yana canzawa gwargwadon abin da aka fara sokawa, kuma ranar da babu shi kwamfutar na iya maƙalewa wajen tashi. In dole ne, yi amfani da UUID, wato lambar shaidar filashin, ka ƙara nofail don kwamfutar ta tashi ko babu shi.